Farcen humra daga teku yake fitowa

Humrar da ake sayarwa a Injamena, Maiduguri da Omdurman haɗin gida ce, amma kusan duk abin da ke cikin kwalbar baƙo ne. Ɗauki farce. Mutane da yawa sun ɗauka na wata dabbar daji ce. A'a, murfin bakin dodon-koɗin teku ne, ana samo shi a gaɓar Bahar Maliya da tekun ƙasashen Larabawa. Ɗanyensa ƙarni yake yi, sai an jiƙa shi, an kankare naman da ya maƙale, an soya, sannan a daka. Aikinsa shi ne riƙe ƙamshi ya daɗe a jiki da tufa. Idan aka yi ha'inci wajen wankinsa, bayan 'yan makonni kwalbar amarya za ta fara warin kifi, mai saye kuma ba za ta dawo ba.

Sandal na asali daga kudancin Indiya yake, yankin Maisur, yanzu kuma ana nomansa a Ostireliya. Bishiyar kan kai shekara 15 ko fiye kafin zuciyarta ta yi ƙamshi, shi ya sa arharsa abin tuhuma ce. Wasu farin itace suke jiƙawa da turare su kira shi sandal. Kafin ka sari buhu, fasa guda ka ɗora cikinsa a garwashi: na gaske ƙamshinsa har ciki yake, jabu kuwa hayaƙin itace kawai zai ba ka.

Kajiji dai namu ne, a fadama ake tono shi.