Cibiyar Zarra Mai Gajeren Kwana: Daga Zariya Zuwa Japan

A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai wani ɗan ƙaramin injin nukiliya wanda aka fara aiki da shi cikin shekarar dubu biyu da huɗu, watau 2004. A lokacin, ƙarfinsa wajen kilowat 30 ne kacal. Ba ya ba kowa lantarki. Babban aikinsa shi ne gano abin da ke cikin ƙasar noma ko dutsen ma'adini ko hatsi.

Ga yadda abin yake. A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai cibiya wadda ta ƙunshi furoton da nutron. Cibiyar alminiyam tana da furoton 13 da nutron 14, kuma a haka take zaune lafiya. In aka sa samfuri cikin injin, sai ta haɗiye nutron guda, kaya ya yi mata yawa. Cikin minti 2 da daƙiƙa 14 rabin irin waɗannan cibiyoyi sun rikiɗe, suna fitar da wani haske da ido ba ya gani. Kowane sinadari da irin nasa hasken, da kuma nasa wa'adin. Na manganis ya kai awa biyu da rabi. Da wannan ne masana suke gane sinadarin, har su auna yawansa.

To, ina iyakar kayan da cibiya za ta iya ɗauka? Oksijin da muke shaƙa yana da furoton 8 da nutron 8. Ana iya ɗura masa har nutron 16 ya riƙe na ɗan lokaci. In aka wuce nan, sai nutron ya zube nan take, kamar ruwa a kwando. Abin mamaki, fulorin, wanda ya ɗara shi da furoton ɗaya tak, yana riƙe har 22.

Cikin 2023 masu bincike a cibiyar RIKEN ta ƙasar Japan suka ba da labarin sun samar da oksijin mai nutron 20. An daɗe ana zaton zai yi ƙarko na musamman, domin 8 da 20 lambobi ne da ke ƙarfafa cibiya. Ashe ba haka ba ne: yana samuwa sai ya watsar da nutron huɗu. Tilas masana suka koma duba lissafin da suka dogara da shi tun 1949.