Buhun Abincin Kifi Ba Ya Son Zafin Garwa

Tun da aka kammala madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982, Hausawa da dama ke cin abinci da kifi, masunta da 'yan banda. Ga masu kiwon tarwaɗa da karfasa kuwa, abincin 'ya'yan kifi shi ne jari.

Ɗan'uwa mai sayarwa, ka kula. Ƙaramin kifi, haka ma jatan lande, sai da bitamin C yake girma. In kifi ya rasa shi, ƙashin bayansa kan karkace. Zafi da daɗewar ajiya suna kashe bitamin ɗin, buhu na nan da nauyinsa amma amfani ya ragu.

Ka duba kwanan watan buhu, ka ajiye a inuwa, ka saro kaɗan-kaɗan. Wanda kifinsa ya ƙi girma ba ya dawowa shagonka.