Soja Ya Tafi Daji, Wa Ya Bari Gida?

Ɗan uwa mai karatu, in kana zaune bakin hanyar Ƙonni zuwa Tawa, wata rana za ka ga motocin soja sun wuce, sun nufi arewa. Yara su ɗaga hannu. Manya su ce, "Allah ya kiyaye." Ƙura ta lafa, kowa ya koma ga aikinshi. To, ka taɓa tambayar kanka ina za su? Kuma wa sunka bari gida?

Mafi yawansu ɗiyan talakawa ne, irin ɗiyanmu. Wani ubanshi manomi ne a Tajaye. Wani uwarshi tana saida albasa a kasuwa. Wani ya bar amarya da ciki.

Aikin soja ba sabon abu ba ne ga mutanenmu. Zamanin Nasara, Faransa ta ɗebi samari daga ƙasashen da take mulka, har da Nijar. Wasu sun shiga da son ransu. Da yawa kuwa tilas anka yi musu: kumandan ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya faɗa wa mai gari. Sun yi yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918. Sun yi na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Sun sha sanyin da ba su taɓa jin irinshi ba. A watan Agusta na 1944, sojojin Afirka suna cikin waɗanda sunka sauka gaɓar teku a kudancin Faransa don korar Jamusawa. Bayan nan an kai wasu Indoshin, an kai wasu Aljeriya. Shi kanshi Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya yi waɗannan yaƙoƙi biyu na ƙarshe. Waɗanda sunka komo gida da rai, su ne muke kira mazan jiya.

Mi anka saka musu da shi? Nan fa zancen yake da ɗaci.

Akwai wani bariki kusa da Dakar, sunanshi Caroy. Nan anka sauke wasu sojojin Afirka da sunka yi zaman fursuna a hannun Jamusawa. Sunka ce a biya su kuɗin da suke bi kafin a sallame su. Ran 1 ga Disamba 1944, sai anka buɗe musu wuta. Hukumar soja ta ce mutum 35 sunka mutu. Masana tarihi da yawa sun ce abin ya fi haka nesa. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda kisan kiyashi ne anka yi.

Sai maganar fansho. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi wata doka. Ta ce fanshon mazan jiya na ƙasashen da sunka samu ƴancin kai ya tsaya inda yake, ba ƙari. Kowace shekara tsadar rayuwa na ƙaruwa, fanshon Bafaranshe na hawa, na ɗan Afirka na nan tsaye. Alhali rami ɗaya sunka kwanta, harsashi kuma bai tambayi launin fatar kowa ba. Wani tsohon saje na Senegal, Amadu Jop, ya kai ƙara. A 2001 babbar kotun Faransa ta ce shi ke da gaskiya, amma kafin nan ya riga mu gidan gaskiya. Ba a daidaita fanshon duka ba sai a 2011. Ka lissafa da kanka: wanda ya yi yaƙi a 1944 yana da shekara 20, a 2011 shekararshi 87. Mutum nawa sunka kai? Godiyar ta zo, amma ta tarad da kabari.

Wani dattijon Ƙonni na iya cewa, "Ai ba duk mai bindiga ake yi wa godiya ba." Gaskiyarshi. A 1899 rundunar Vule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe mutane masu yawa. Ba a manta ba. Darajar kakin soja tana ga abin da yake karewa. Wanda ya tsaya tsakaninka da mai son kashe ka, shi muke magana a kanshi.

Irin wannan soja kuwa muna da shi, cikin jiharmu ta Tawa. Ran 6 ga Oktoba 2016, ƴan bindiga sunka afka wa Tazalit, wajen Tasara. Jami'an tsaro 22 sunka rasu. Mi suke yi can? Suna gadin ƴan gudun hijira daga Mali, mutanen da ba danginsu ba ne, wasu ko harshensu ba su ji. A Oktoba 2023, kusa da Tabatol, wajen iyakar Mali, soja 29 sunka rasu. A jihar Tilaberi, an rasa 71 a Inates cikin Disamba 2019, an rasa 89 a Shinagodar cikin Janairu 2020. Rediyo lamba yake faɗa. Amma kowace lamba gida ce: uwa, mata, ɗiya, da gonar da ba mai noma ta bana.

Gwamnati kan sa kwana uku na makoki, a sauko da tuta. Ya dace. Sai dai kwana uku ba su da yawa. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma. Maraya kuwa shekaru zai yi kafin ya tsaya da ƙafarshi. Masu gaisuwa sun watse, tabarmi an naɗe, lokacin ne gidan ke sanin an yi rashi.

Nan ne naka aikin yake, kuma bai fi ƙarfinka ba. In damina ta faɗi, a yi gayya a gonar gidan. In an koma lakkol, ka duba ko yaran sun koma. Wanda ya dawo da ƙafa ɗaya, ko wanda ba ya iya barci saboda abin da ya gani a daji, kada a yi mishi dariya, kada a ce ya taɓu. A zauna da shi, a raka shi likita.

Akwai kuma takardu. Hakkin da hukuma ke biyan iyalin soja ba ya fita da baki. Za a nemi takardar aure, takardar rasuwa, da takardar haihuwar kowane yaro. A ƙauyukanmu sau da yawa an ɗaura aure a masallaci, ba a je ofishin magajin gari ba. An haifi yaro, an yi suna, ba a rubuta shi ba. In lokacin rubutawa ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu kafin a samu takardar. Mace mai takaba ba ta iya wannan zirga-zirga, tsohuwa ma haka. Kai da ka iya karatu, ka karanta musu abin da anka rubuta, ka duba ko sunan yaro da na ubanshi sun yi daidai a kowace takarda. Harafi ɗaya in ya saɓa, sai a maido su gida, a ce su komo wani mako.

In kuma maƙwabcinka yana da ɗa soja da ke daji yanzu, a yi waɗannan takardu tun yana raye, in ya zo hutu.