Sulken Kakanni da Yaƙinsa na Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Rano ko a birnin Kano, ya ga 'yan sulke da 'yan lifida suna tafe cikin kwarjini. Abin da a yau ya zama ado, a da shi ne tsakanin barde da ajalinsa. A ƙarni na 19 garuruwa da ƙauyukan kudancin Kano, watau yankin da Rano da Kibiya da Kahu suke, sun sha fama da hare-haren Ningawa, saboda haka kayan yaƙi ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Littafin Tarihin Kano ya danganta fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen shekarar 1390 zuwa 1410.

Zamanin waɗannan kaya ya ƙare ne a 1903. Rundunar Kanar Morland, mai sojoji sama da 700 da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa huɗu, ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta kuma ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Sulke yana tare kaifin takobi, amma ba ya tare harsashi. Tun daga lokacin sai ya koma kayan hawa da kayan gado, inda ya gamu da abokin gaba wanda ba ya gajiya, watau tsatsa.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da ruwa. Ba sai an tsoma shi a ruwa ba, laimar da ke cikin iska ma ta isa, musamman idan ta haura kashi 60 cikin 100, kamar yadda takan yi da damina. Gishiri yana ƙara mata sauri, ga shi kuwa gumin mahayi da na doki cike suke da shi. Bugu da ƙari, tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe ga iska. Sulke ɗaya kan ƙunshi ƙananan zobba 20,000 ko fiye, kowanne a sarƙe da huɗu, kowanne kuma siririn waya ne. Abin da takobi zai jure shekaru, zobe ba zai jure ba.

To, me ya sa ba za a dirje shi da yashi ya yi ƙyalli ba? Dalili shi ne kowane zobe shaida ne. Akwai zoben da aka daddale bakinsa biyu aka haɗa da 'yar ƙusa, akwai wanda aka huda daga faifan ƙarfe ba shi da mahaɗi, akwai kuma wanda aka lanƙwasa kawai baki ya taɓa baki. Siffar ƙusar da tsarin jeren zobban su ne kan nuna wa mai bincike inda aka ƙera sulke da kuma zamaninsa. Irin wannan nazari ne A. D. H. Bivar ya yi a kan makaman Arewacin Nijeriya, wanda Sashen Kula da Kayan Tarihi ya buga a 1964. An fahimci cewa sulkuna masu ƙusa akasari fatake ne suka kawo su ta hanyar Sahara. A yau hoton eksire yana nuna ƙusar da tsatsa ta rufe, madubin ƙara girma kuma yana nuna ɓurɓushin kashin maƙera a cikin ƙarfe, alamar cewa narkar gargajiya ce ba ta masana'anta ba. Yashi da ruwan batir suna shafe wannan shaida cikin yini guda, ba kuma ta dawowa.

Saboda haka ma'aikacin gidan tarihi yakan bi abin daki-daki. Da farko zai ɗauki hoto, ya auna, ya rubuta tarihin kayan daga bakin masu shi. Sa'an nan ya kawar da tsatsar da ta saki da burushi mai laushi. Wani lokaci yakan shafa sinadarin tanin, wanda ke haɗuwa da tsatsa ya zama baƙin rufi mai zama lafiya. Wannan sinadari ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin dangin wanda ke cikin bagaruwar majema ne. Daga ƙarshe sai a rufe da kaki na musamman, a ajiye a busasshen wuri. Ƙa'idar aikin ita ce kada a yi abin da ba zai warwaru ba, in kuma an cike giɓi da sabon zobe, to, a yi masa alama don kada ya yaudari na baya. Lifidi kuwa, da yake auduga ce da zane, nasa maƙiyan su ne asu da gara da hasken rana.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga sulke ba. Motoci masu sulke na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda aka tara a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, da tsatsar nan suke fama, a ƙasar da ta fi Kano ruwa. A can ma sabon fenti yana iya binne lambar mota da gurbin harsashi, alhali su ne tarihin.

Ɗalibai da malamansu suna da rawar takawa. Idan akwai tsohon sulke ko mashi ko kwalkwali a gidansu, su ɗaga shi daga ƙasa, kada su riƙa shi da hannu mai gumi, su rubuta sunan wanda ya sa shi da yaƙin da ya je tun dattawan da suka sani suna raye, su kuma nemi shawarar ma'aikatan Gidan Makama a Kano. Tsohon harsashi ko ƙwanson igwa kuwa kada a taɓa shi sam, a sanar da hukuma, domin yana iya tashi ko bayan shekaru masu yawa. Ranar da aka ɗora sulke a kan sikelin 'yan gwangwan, kuɗin kilo kaɗan za a karɓa, amma tarihin gida guda ne zai shiga wuta.