Hanyoyin Sadarwa a Jamhuriyar Nijar: Daga Wayar Hannu Zuwa Bakin Teku

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban Hausa masu buƙatar karanta bayani a kan al'amuran zamani cikin harshen da suke koyo. Batun da za a duba shi ne hanyoyin sadarwa a Jamhuriyar Nijar, wato tarho da intanet da kayan aikin da suke tafiyar da su. Mutane da dama sun ɗauka cewa iska ce take ɗaukar saƙon waya tun daga bakin mai magana har zuwa kunnen mai sauraro. Gaskiyar magana ita ce, tafiyar saƙo a cikin iska gajera ce. Mafi yawan tafiyarsa yana yin ta ne a cikin wayoyin da aka binne a ƙasa, ko aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Nijar kuwa ba ta da gaɓar teku. Saboda haka, duk ƙarfin intanet ɗin da take samu ta irin waɗannan wayoyi, sai ya ratso ƙasar wata maƙwabciya kafin ya iso. Wannan shi ne jigon takardar.

2.0 Yanayin Ƙasa

Faɗin ƙasar Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma kimanin kashi biyu cikin uku hamada ce. Tana iyaka da ƙasashe bakwai: Aljeriya da Libiya da Cadi da Najeriya da Benin da Burkina Faso da Mali. Galibin jama'a suna zaune ne a kudu, a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har zuwa Difa, tafiyar fiye da kilomita 1,300.

Wannan yanayi yana da tasiri a kan sadarwa. Kamfanin waya ɗan kasuwa ne, kafin ya kafa na'ura a wani wuri sai ya ƙiyasta yawan mutanen da za su biya kuɗin kira. A birni irin su Maraɗi, na'ura guda tana hidimar dubban mutane. A ƙasar makiyaya kuwa, inda ake doguwar tafiya tsakanin zango da zango, kuɗin kafa na'urar bai ragu ba, amma masu biya kaɗan ne. Shi ya sa sadarwa ta fi ƙarfi a birane da bakin manyan hanyoyi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Bayan samun ƴancin kai a 1960, harkar gidan waya da tarho tana hannun gwamnati. Tarhon gida ne kaɗai ake da shi, shi ma a ofisoshi da gidajen masu hali a manyan garuruwa. A 1997 aka kafa kamfanin SONITEL domin ya kula da tarho shi kaɗai. A 2001 aka sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga haɗin gwiwar wani kamfanin Sin mai suna ZTE da wani kamfanin Libiya, amma daga baya gwamnati ta karɓe shi. A 2016 aka haɗe shi da SahelCom, reshensa na wayar salula, suka zama Niger Telecom.

Babban sauyi ya zo ne da wayar salula. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan ya koma Airtel a 2010 bayan da kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi. Kamfanin Telecel shi ne ya zama Moov, wanda ya shiga hannun Maroc Telecom na ƙasar Maroko. Orange na Faransa ya shigo a 2008, ya sayar da reshensa ga wasu ƴan kasuwa a 2019, aka sake masa suna Zamani Telecom. Hukumar da take ba da lasisi da sa ido a kan kamfanonin ita ce ARCEP. Lambar kiran ƙasar daga waje ita ce 227, alamarta a intanet kuwa .ne.

4.0 Yadda Saƙo Yake Tafiya

Domin a fahimci tsarin, bari mu ɗauki misalin ɗalibi a Damagaram wanda yake son buɗe wani shafi da aka ajiye a kwamfuta a Faransa. Buƙatarsa za ta bi matakai uku.

4.1 Hasumiya

Mataki na farko shi ne daga wayar hannu zuwa hasumiyar ƙarfe mafi kusa, wadda aka ɗora wa eriya. A nan ne saƙon yake bin iska kamar muryar rediyo, kuma tazarar ba ta cika wuce ƴan kilomitoci ba. Alamomin 2G da 3G da 4G da ake gani a fuskar waya suna nuna irin na'urar da ke kan hasumiyar. Ta 2G ta isa kira da gajeren saƙo, amma hoto mai motsi yana buƙatar 3G ko 4G. Kowace hasumiya tana cin wuta dare da rana.

4.2 Zaren Gilashi

Mataki na biyu shi ne daga hasumiya zuwa cibiyar kamfani, daga nan kuma zuwa iyakar ƙasa. Wani lokaci hasumiya takan miƙa wa hasumiya saƙon, amma hanya mafi ɗaukar kaya ita ce zaren gilashi. Wannan wani siririn zare ne kamar gashin kai, ana haɗa da yawa a lulluɓe su da roba a binne a gefen titi. Ana mai da saƙo ya zama walƙiyar haske, hasken kuma yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda a cikin zaren. Buƙatar ɗalibin namu tana iya bin zaren daga Damagaram zuwa Dosso, ta gangara Gaya, ta ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, ta ratsa ƙasar Benin har Kwatano. Daga Yamai zuwa Kwatano tafiyar kilomita dubu ce da ɗoriya.

4.3 Igiyar Ƙarƙashin Teku

Mataki na uku shi ne teku. A nan ma zaren gilashi ne, sai dai an yi masa sulke, jirgin ruwa ya shimfiɗa shi a ƙasan teku. Igiyar SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, ta taso daga Fotugal zuwa Afirka ta Kudu, tana yada zango a Dakar da Abijan da Akara da Kwatano da Legas da Duwala. Daga baya aka ƙara MainOne da Glo-1 a 2010, da WACS da ACE a 2012. Ta irin waɗannan igiyoyi buƙatar ɗalibin take isa Turai, amsa ta dawo ta hanyar da ta bi, duk cikin ƙasa da daƙiƙa guda idan komai lafiya.

4.4 Tauraron Ɗan Adam

Akwai wata hanya da ba ta bi ta teku. Kafin zuwan zaren gilashi, Nijar ta dogara ne ga tauraron ɗan adam wajen hulɗa da waje. Irin taurarin da aka saba amfani da su suna nisan kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, shi ya sa ake jin jinkiri a magana, ga kuma tsada. Sababbin taurari irin na Starlink suna nisan kimanin kilomita 550 ne kawai, don haka jinkirin ya ragu ƙwarai. Starlink ya fara aiki da izinin hukuma a Nijar a 2025. Yana kai wa inda zare bai kai ba, amma na'urarsa da kuɗin wata sun fi ƙarfin talaka, kuma kamfanin na Amurka ne.

5.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce katsewar igiyar teku. A watan Yuli na 2009 igiyar SAT-3 ta sami matsala, intanet ya ɗauke a Benin da Togo da Nijar, ya kuma yi rauni sosai a Najeriya. A ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyi huɗu suka lalace a tekun Kodibuwa, wato SAT-3 da WACS da ACE da MainOne, abin ya shafi ƙasashe da dama har da Nijar. Gyaran irin wannan ɓarna sai da jirgin ruwa na musamman, kuma yakan ɗauki makonni. Ƙasar da take da hanya guda tak ba ta da abin yi sai jira.

Ta biyu ita ce wutar lantarki. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki a Nijar, don haka hasumiyoyi da yawa suna aiki ne da janareta ko farantan hasken rana, wanda yake ƙara tsadar kira. Har ila yau, kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023, Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta, ba ta mai do ta ba sai a Maris na 2024. Wannan ya nuna a fili yadda rikicin siyasa da maƙwabci yake iya taɓa rayuwar yau da kullum.

Ta uku ita ce rashin tsaro. A wasu sassan jihohin Tilaberi da Difa, ƴan bindiga sun sha lalata hasumiyoyi, masu gyara kuma ba sa iya zuwa. Ta huɗu ta shafi hukuma kanta: a watan Fabrairu na 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na wayar salula har kimanin kwana goma.

Maganin matsala ta farko shi ne yawaita ƙofofi. Wannan ne manufar aikin shimfiɗa zaren gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da ba da kuɗinsa a 2016. Kason Nijar ya haura kilomita 1,000, ya ƙunshi hanyar Arlit zuwa Asamaka a iyakar Aljeriya, da Difa zuwa iyakar Cadi, da Damagaram ta Magariya zuwa iyakar Najeriya, da kuma hanyoyi biyu daga Yamai zuwa iyakokin Benin da Burkina Faso. Muhimmancin hanyar Aljeriya shi ne tana kaiwa ga tekun Bahar Rum, wato wani teku dabam da wanda igiyoyinsa suka lalace a 2024.

6.0 Sadarwa, Kasuwa da Harshe

Amfanin waɗannan kayan aiki yana bayyana a kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula take shiga gari bayan gari. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda waya ta isa. Dalili kuwa, ɗan kasuwa yakan ji farashin gero a wata kasuwa kafin ya ɗora buhu a mota.

Harshen Hausa ma ya ci moriya, ya kuma gamu da cikas. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar harafi 160, amma tsarin haruffan da aka gina shi a kai ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Da zarar an sa ɗaya daga cikinsu, sai saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutane suka saba rubutu babu lanƙwasa, har ƙafa da kafa suka zama abu guda a ido. A ɗaya ɓangaren kuma, saƙon murya na WhatsApp ya ba wanda bai iya karatu ba damar aika magana cikin harshensa.

Ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomin wannan fanni. Kalmar waya aro ce daga Ingilishi, asalin ma'anarta zaren ƙarfe, sannan ta faɗaɗa ta ƙunshi na'urar magana. Tafi-da-gidanka da yanar gizo ƙirƙira ce ta Hausa. Wasu kalmomin kuma sun bambanta bisa harshen da aka aro su: mutumin Maraɗi yakan ce babu rezo, na Katsina ya ce babu sabis, a Nijar ana yi wa mutum bip, a Najeriya a yi masa filashin.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun saƙo daga wayar hannu zuwa hasumiya, daga hasumiya zuwa zaren gilashi, daga nan zuwa igiyar teku. An ga cewa matakin ƙarshe yana wajen iyakar Nijar, kuma wutar da matakin farko yake ci ita ma ta daɗe tana zuwa daga waje. Saboda haka, idan ana son auna ƙarfin sadarwar ƙasa irin wannan, yawan masu riƙe da waya kaɗai bai isa ba. Sai an tambayi ƙofofi nawa take da su zuwa teku, ta ƙasashe nawa suka bi, kuma wace wuta ce take kunna hasumiyoyin karkara. Ana shawartar ɗalibai su yi irin wannan bayani a kan Cadi ko Mali ko Burkina Faso, waɗanda su ma ba su da gaɓar teku, su kwatanta da abin da aka gani a nan.