Ɗaukar Ma'aikata A Najeriya: Tsakanin Shafukan Tallan Guraben Aiki Da Kafofin Sada Zumunta

A ranar Asabar, 15 ga watan Maris na shekarar 2014, dubban matasa suka yi dafifi zuwa filayen wasanni a Abuja, Fatakwal, Minna, Benin da sauran manyan biranen ƙasar nan domin rubuta jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa. Sama da mutum rabin miliyan ne suka cike takardar neman aikin ta intanet, kowannensu ya biya Naira 1,000, alhali kuwa guraben da ake da su ba su kai 5,000 ba. Kafin rana ta faɗi, aƙalla mutum 16 sun rasa rayukansu sakamakon turmutsutsun da aka yi a ƙofofin shiga.

Wannan abin takaici ya fito da wata matsala fili wadda har yanzu take ci wa masu ɗaukar ma'aikata tuwo a ƙwarya. Intanet ta sauƙaƙa tara masu neman aiki, har ta kai ga sama da mutum 100 suna rububin gurbi guda, amma aikin tantance wanda ya cancanta yana nan da nauyinsa. A kan wannan ma'auni ne ya kamata a auna manyan hanyoyi biyu da kamfanoni da hukumomi suke bi a yau wajen neman ma'aikata, wato shafukan tallan guraben aiki a ɓangare guda, da kuma kafofin sada zumunta irin su LinkedIn, Facebook, WhatsApp da X a ɗaya ɓangaren.

Idan dai za a iya tunawa, kafin zuwan wayar salula a shekarar 2001, jarida ce babbar kasuwar neman aiki a ƙasar nan. Waɗanda suka kammala jami'a kan yi karo-karo su sayi jaridar Guardian ta ranar Talata saboda shafukanta na guraben aiki, su rubuta takarda da hannu, su aika ta gidan waya, sannan su zauna jiran amsa na tsawon watanni. Kuɗin kan sarki da na hoto da na kwafin takardun shaida kan sa mutum ya yi tunani kafin ya nemi aikin da ya san bai dace da shi ba. Ta haka tsadar neman aikin ita kanta ta zama rariyar farko.

Masana tattalin arziki sun daɗe da fahimtar cewa kasuwar ƙwadago ta bambanta da kasuwar hatsi, inda mai saye yake ganin abin da zai saya a gabansa. Mai ɗaukar ma'aikaci bai san ƙwazon wanda ke gabansa ba sai ya gwada shi, shi kuma mai neman aikin bai san inda gurbi yake ba sai ya bincika, kuma binciken nan yana cin lokaci da kuɗi. A kan nazarin irin wannan kasuwa ne aka bai wa Peter Diamond da Dale Mortensen da Christopher Pissarides lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a shekarar 2010. Saboda haka, amfanin kowace hanyar ɗaukar ma'aikata ya ta'allaƙa ne a kan yadda take rage wannan ɗawainiya ga ɓangarorin biyu.

Shafukan tallan guraben aiki sun samo asali ne daga Amurka, inda Monster ya fara aiki a shekarar 1994, Indeed kuma ya biyo baya a 2004. A nan gida, wasu ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ne suka kafa Jobberman a shekarar 2009, lokacin da malaman jami'o'i suke yajin aiki. Akwai kuma irin su MyJobMag da Hot Nigerian Jobs. Tsarin kasuwancinsu a sauƙaƙe shi ne: mai neman aiki ya yi rajista kyauta ya ajiye takardar tarihin karatunsa da ayyukan da ya yi, kamfani kuma ya biya kuɗin talla, ko kuɗin a tace masa sunayen waɗanda suka fi dacewa.

Babbar fa'idar wannan tsari ita ce bayanan suna zuwa a jere bisa ƙa'ida guda. Jami'in kula da ma'aikata na wani banki a Legas zai iya umartar kwamfuta ta ware masa waɗanda suka karanta akanta, suka kammala hidimar ƙasa, suke kuma zaune a jihar da yake buƙata, cikin 'yan mintoci. Bugu da ƙari, tallan a buɗe yake ga kowa. Ɗan talakan da ke Gashuwa ko Ogoja yana ganin gurbin a daidai lokacin da ɗan mai hali na Ikoyi yake ganinsa, kuma akwai shaidar ranar da aka buga da ranar da aka rufe.

Sai dai kuma sauƙin nan yana da nasa illar. Tun da aika takarda bai wuce danna maɓalli ba, mutum guda kan nemi ayyuka da dama a yini ɗaya, ko ya dace da su ko bai dace ba. Idan takardu suka yi wa kamfani yawa, sai ya koma ga sharuɗɗan da suka fi sauƙin aunawa, kamar matakin digiri da iyakar shekarun haihuwa, waɗanda aka saba gani a tallace-tallacen bankuna. Da yawa daga cikin masu hazaƙa kan faɗi a wannan mataki tun kafin idon ɗan Adam ya kai kan takardunsu. Har ila yau, shafukan ba sa isa ga ƙwararren da ke zaune lafiya a wurin aikinsa, wanda ba ya duba talla, alhali sau da yawa shi ne wanda kamfani ya fi buƙata.

A nan ne kafofin sada zumunta suka samu gindin zama. LinkedIn, wanda aka buɗe a shekarar 2003, kamfanin Microsoft kuma ya saya a 2016 a kan dala biliyan 26.2, ya bai wa kamfanoni damar tuntuɓar injiniya ko likita ko masanin kwamfuta kai tsaye, ko da bai nemi aiki ba. A ƙasa da wannan mataki kuwa, zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, na ƙungiyoyin sana'a da na 'yan unguwa sun zama wurin da ake cigiyar direba, malamar makaranta, mai tsaron kanti ko makaniki, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ƙarfin wannan hanya yana da tushe a binciken ilimi. A littafin da ya wallafa a shekarar 1974, masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa fiye da rabin ƙwararrun da ya yi nazari a kansu a wani gari kusa da Boston sun samu aiki ne ta hanyar wani da suka sani, kuma galibi ba aminai na kusa ba ne, sanayya ce ta nesa-nesa. Dalili kuwa shi ne amininka abin da ka sani shi ya sani, amma tsohon abokin karatunka da ke wani gari yana jin labarin da ba ya zuwa kunnenka. Wani bincike da mujallar Science ta buga a shekarar 2022, wanda ya shafi mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn cikin shekaru biyar, ya ƙarfafa wannan ra'ayi.

To amma abin da yake alheri ga wanda ke cikin zaure, rashi ne ga wanda ke waje. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Kamfanin da ya dogara kacokan ga sanayyar ma'aikatansa zai wayi gari ya tarar da ofishinsa cike da 'yan makaranta ɗaya ko 'yan yanki ɗaya. Wannan ne ya sa hanyar ba ta dace da aikin gwamnati ba, inda sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya wajabta daidaito tsakanin sassan ƙasa, kuma ƙa'idojin Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai, wadda aka kafa a 1996, suka tanadi a tallata gurabe a aƙalla jaridun ƙasa guda biyu. Ko a Amurka, sai da Facebook ya amince a shekarar 2019, bayan ƙararrakin da aka shigar a kansa, cewa zai hana masu tallan aiki ware mutane bisa shekaru ko jinsi.

Haɗari mafi muni shi ne na 'yan damfara. Kowa zai iya buɗe shafi da tambarin wata hukuma ya ce ana ɗaukar aiki, ya kuma nemi kuɗin fom ko lambar asusun banki. Hukumomi irin su Kwastan da kamfanin mai na ƙasa sun sha fitar da sanarwar nesanta kansu daga irin waɗannan tallace-tallace. Lamarin kan wuce asarar dukiya. A watan Afrilun 2021, wata matashiya a jihar Akwa Ibom ta bayyana a Twitter cewa tana neman aiki, wani ya gayyace ta ganawar ƙarya, ya hallaka ta. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Agustan 2022.

Kazalika, kamfanin da ya jingina da dandalin da ba nasa ba yana iya tashi a tutar babu. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga ranar 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, Facebook kuma ya rufe sashensa na tallan ayyuka a watan Fabrairun 2023, shekaru shida bayan buɗe shi. Su ma shafukan tallan ba su tsira ba, domin Monster da CareerBuilder, waɗanda suka haɗe a 2024, sun shigar da takardar karayar arziki a Amurka a watan Yunin 2025.

Yanayin tattalin arzikin ƙasar nan shi ne yake nuna wa kowace hanya iyakarta. Ƙididdigar da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar ta nuna cewa a ƙarshen shekarar 2020 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kimanin miliyan 39.6, mafi yawansu 'yan ƙanana ne ainun. Rahotannin ƙwadago na hukumar na shekarar 2023 kuma sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne. Mai gidan burodi a Onitsha ko mai injin niƙa a Lafiya ba takardar shaida yake nema ba, yana neman wanda wani amintacce zai tsaya masa. A gare shi WhatsApp ci gaba ne na tsohuwar al'adar kawo yaro ta hannun wanda aka sani. Banki ko kamfanin siminti mai ɗaukar ɗaruruwan matasa a lokaci guda kuwa, ba shi da makawa sai ya bi tsarin da za a iya bincika daga baya.

Bisa wannan dalili, hanyar da ta fi dacewa ga matsakaici da babban kamfani ita ce ya raba wa kowace kafa aikinta: a buga gurbin da cikakkun sharuɗɗansa a shafin talla ko shafin kamfanin, a yi amfani da kafofin sada zumunta wajen yaɗa labarin, amma duk takarda ta shigo ta ƙofa ɗaya, a kuma auna kowa da jarrabawa iri ɗaya. Wajibi ne kuma kamfani ya tuna cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta shekarar 2023 ta ɗora masa alhakin tsare bayanan da masu neman aiki suka miƙa masa, haka kuma Dokar Ƙwadago ta wajabta wa masu sana'ar samo ma'aikata su mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago.

Ga mai neman aiki kuwa, matakan kariya ba su da yawa, kuma ba sa cin kuɗi. Ya bincika sunan kamfanin a rajistar Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wadda take buɗe ga kowa a intanet. Kada ya biya ko sisi domin a kira shi ganawa. Kada ya bayar da lambar sirrin asusunsa. Idan kuma zai je ganawar, ya tabbatar ofishi ne sananne, da rana tsaka, ya kuma sanar da danginsa adireshin wurin da lokacin da yake sa ran dawowa.