Mai Neman Komawa Kujerar Kansila, Ina Lissafinsa?

Ran 24 ga Yuli 2004 ne aka zaɓi kansiloli na kwamin 265 a Nijar. An sake zaɓe a Janairu 2011 da kuma Disamba 2020. A Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa masu riƙon ƙwarya.

A tsarin da aka bi, jama'a ke zaɓen kansiloli, su kuma su fidda magajin gari daga cikinsu. Su ke amincewa da kasafin kuɗin kwamin, su sa ido bisa lanho da kuɗin kasuwa.

Saboda haka sabon ɗan takara alkawari ke gare shi, tsoho kuwa lissafi ake bin sa. Duk ranar da ya dawo biɗar ƙuri'a, a tambaye shi: ina kuɗin talakawa suka shiga? Rijiya nawa aka gina? Wane aji na lakkwal ya samu rufi?

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya duba alƙaluma da kansa. Alkawari kaya ne. Wanda bai sauke na jiya ba, kada a aza masa na gobe.